Daga Gimbana Zuwa Kasuwar Jega: Wa Zai Ba Da Labarin Bayi A Gidan Tarihi?

(Lacca ga dattawa, malamai da ɗaliban Jega, Aliero da Maiyama)

  

  

An nemi in yi magana a kan yadda gidajen tarihi suke gabatar da labarin bauta da yadda aka kawo ƙarshenta. Magana ce mai nauyi a baki. A ƙasar nan dattijo zai zauna ya jero maka sarakunan Kabi tun daga Kanta, ko na Gwandu tun daga Malam Abdullahi, bai tsallake ko ɗaya ba. Amma da zarar an ambaci bayi, sai ka ji murya ta yi ƙasa, a ɗan waiwaya a ga wane ne ke kusa. Wannan sassauta muryar ita kanta shaida ce cewa maganar ba ta mutu ba. Abin da nake son in kafa a yau shi ne, ƙasar Jega ta fi wurare da yawa cancantar ba da wannan labari, kuma idan za mu ba da shi, to mu ba da shi dukansa.

Mu fara da bakin teku, don can aka riga mu. A Badagry ta jihar Legas akwai ɗan gidan tarihin iyalan Mobee, akwai barikin Seriki Williams Abass mai ƙananan ɗakunan da ake tsare mutane kafin jirgi ya iso, akwai kuma babban gidan tarihin garin a cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863. Mai yi wa baƙi jagora yakan ɗauko sarƙar wuya, baƙin ƙarfe da tsatsa ta ci, ya miƙa wa baƙo ya ce ya ɗaga. Sai mutum ya sa hannu biyu. Wani ma a rataya masa ita a wuya na ɗan lokaci, kafaɗa ta sauka, kai ya sunkuya ba tare da ya yi niyya ba. Daga nan a shiga kwalekwale a tsallaka zuwa tsibirin Gberefu, a taka yashi da ƙafa har bakin ruwan da wanda ya shige shi bai sake dawowa ba. Wanda ya yi wannan tafiya ba ya bukatar dogon bayani. A Kalaba ma an kafa gidan tarihin bauta a 2007. A Ghana akwai kurkukun Elmina da na Cape Coast, a Senegal akwai gidan bayi na tsibirin Gore.

Gore ɗin nan akwai darasi a cikinta. An mai da gidan wurin ziyara a 1962, shugabannin duniya suna zuwa suna tsayawa a bakin ƙofarsa mai kallon teku. Amma masana tarihi sun daɗe suna cewa miliyoyin da ake faɗa wa baƙi sun bi ta wannan ƙofa, lissafi bai tabbatar da su ba. Mutanen da aka loda a jiragen Turawa daga Afirka gaba ɗaya sun kai kimanin miliyan 12 da rabi, waɗanda suka isa da rai ba su cika miliyan 11 ba. Wannan adadi ya isa ya sa hawaye, ba sai an ƙara masa gishiri ba. Gidan tarihin da ya yi ƙari a wuri ɗaya, ya ba mai musu ƙofar ƙaryata sauran.

A Ingila kuwa matsalarsu wata ce daban. Shekaru da yawa labarin da suke ba 'ya'yansu shi ne na William Wilberforce da majalisar da ta haramta cinikin bayi a 1807, ta kuma soke bautar a dokar 1833. Wato su ne jarumai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da aka soke bautar gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya, kuma iyayengijin bayi aka biya, waɗanda aka bautar ko anini ba su samu ba. Da aka buɗe gidan tarihin bauta na birnin Liverpool, birnin da jiragensa suka kwashi 'yan Afirka wajen miliyan ɗaya da rabi, sai aka zaɓi ranar 23 ga Agusta, 2007. An zaɓe ta ne don tunawa da tawayen da bayi suka tayar a 1791 a ƙasar da ta zama Haiti. Ma'anar zaɓin a fili take: bayi ba su zauna suna jiran wani ya tausaya musu ba. A Amurka, a jihar Luwiziyana, an buɗe gandun rake na Whitney a 2014, wani masani ɗan Senegal, Ibrahima Seck, yana jagorantar bincikensa. A sauran gandaye ana kai baƙo ya ga gadon maigida da farantansa. A nan kuwa bango aka yi, aka zana sunayen bayi fiye da dubu ɗari, baƙo ya bi yana karantawa.

To, jama'a, duk waɗannan labarai suna da sauƙin faɗa a wurinmu, domin mugun da ke cikinsu baƙo ne, da jirgi ya zo, da jirgi ya koma. Mu waiwayo gida.

Muna da gidajen tarihi, kuma ina girmama aikin da suke yi da ɗan abin da ke hannunsu. Gidan tarihin Kanta da ke Argungu gini ne na 1831, fadar sarki ce har zuwa 1942, aka buɗe shi ga jama'a a 1958. A ciki akwai masu da takubba, baka da kwari, bindigogi, tambura, layu, kayan su da na noma. A Kano akwai Gidan Makama, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Tsarin da muka saba da shi a irin waɗannan wurare na sarauta ne da yaƙi: wane ya ci wane, wane ya gaji wane. Amma kowane mashi da ke jingine a bango yana da sauran labari. Bayan an ci gari, ina matan garin suka tafi? Ina yaran? Wa ya haƙa ganuwar da muke alfahari da ita, wa ya nome gandun da ya ciyar da barade, wa ya ɗauko wa doki ciyawa? Masana biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, sun ƙiyasta cewa a wajejen 1900 bayin da ke Daular Usmaniyya sun kai tsakanin miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu da rabi. Jama'a mai wannan yawa ba ta cancanci a bar ta ba ɗaki, ba allo, ba suna ba.

Yanzu ku ba ni aron hankalinku, don na iso inda ya shafe mu kai tsaye.

Malam Abdussalami almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, Ba'are ne, malami mai jama'a. Da zaman ƙasar Gobir ya yi masa zafi sai ya taso da mutanensa ya zauna a Gimbana, nan ƙasarmu. A ƙarshen 1803, cikin watan azumi, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa Gimbana. Aka kashe na kashewa, aka ɗaure maza da mata da yara, musulmi masu salla da karatu, aka kora su za a kai Alƙalawa a matsayin bayi. Hanya ta bi da su ta kusa da Ɗegel, inda Shehu yake zaune. Jama'ar Shehu suka ga 'yan'uwansu a ɗaure, suka tare rundunar, suka kwance su. Wannan kwancewa ce ta tsinke igiyar da ta rage tsakanin Shehu da Yunfa. A watan Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto.

Ku duba da kyau. Jihadin da ya sake fasalin ƙasar Hausa, daga nan har Adamawa da Ilori, wutarsa ta kama ne a kan fursunonin Gimbana da aka hana mayarwa bayi. Shehu ya rubuta a fili cewa bautar da ɗa musulmi haramun ne. Tun kafin shi, a 1615, Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya ba da fatawa ga 'yan kasuwar Arewacin Afirka cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno cikin musulmin da bai halatta a sayar da su ba. Idan akwai garin da ya isa ya rubuta a ƙofar gidan tarihinsa cewa kakanninsa sun ɗanɗani igiyar bauta an kuma kwance su, to garin Gimbanawa ne.

Da a nan labarin ya tsaya, da faɗarsa ta yi daɗi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bayan saɓanin da ya auku tsakanin Malam Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Kware, wanda ya ƙare da rasuwar Malam a farkon 1818, ɗansa Buhari ya kafa Jega a wajejen 1820. Garin ya zauna a bakin gulbi, a kan hanyar fatake, ya bunƙasa har kasuwarsa ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu, ana ambatonta a bayan ta Kano. Ayarin masu zuwa Gwanja neman goro suna yada zango a nan. Gishirin Foga yana shigowa, da kanwa, da tufafin Kano da na Nufe, da dawaki da shanu. A cikin hajar da dillalai suke yi wa kuɗi da wuri har da mutane. Ƙasar Nufe tana aiko wa Gwandu gaisuwa da bayi. Yaƙin Kabi da Gwandu, wanda ya sake ɓarkewa da tashin Yakubu Nabame a 1849 ya kuma ci kusan sauran ƙarnin, kowane ɓangare yana kamo na ɗaya. Wato a ƙasar da aka kwance fursunonin Gimbana, ba a yi nisa ba aka sake ɗaure waɗansu.

Ba ni na fara wannan kuka ba, kuma ba Bature ne ya fara shi ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda yake kwance a Gwandu, tun a 1807 ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar ba zai dawo ba, saboda ya ga waɗansu sun mai da himmarsu ga mulki da tara ƙwaraƙwarai da dawaki da tufafi. Mutanen Kano ne suka tsai da shi. Ya rubuta wannan damuwa da hannunsa a Tazyinul Waraƙati. Shehu Muhammadu Al-Kanemi na Barno, a wasiƙun da suka yi musaya da Bello, ya tuhumi mayaƙan jihadi da bautar da 'ya'ya musulmi. Malamanmu na farko sun yi wannan muhawara a rubuce, da sunayensu. Don me mu jikokinsu za mu ji tsoron abin da su ba su ji tsoronsa ba?

Waɗansu daga cikin waɗanda aka kama a ƙasar Hausa sun bi Sahara zuwa Tarabulus. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda da yawanku kuka karanta a makaranta, a kan wannan hanya aka gina shi. Waɗansu sun gangara ta Nufe da ƙasar Yarabawa zuwa teku. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski ta jihar nan, ya yi bincike a kan wannan hanya ta kudu. A Bahiya ta ƙasar Brazil Hausawa sun shirya tawaye a 1807, a cikin azumin 1835 kuma musulmin birnin, Yarabawa da Hausawa, suka tashi da fararen riguna da layu a wuya. Takardun da aka cire daga jikin waɗanda aka kashe, da rubutun allo irin namu, suna nan ajiye a can har yau. Sarƙar nan ta Badagry, mai yiwuwa ta taɓa zama a wuyan mai jin Hausa.

Amma mafi yawa ba su je ko'ina ba, a nan suka rayu suka mutu. Bautarmu ba iri ɗaya ba ce, kuma gidan tarihi na gaskiya dole ya nuna bambancin. Akwai bayin sarki irin Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a fadar Kano, waɗanda hakimi ma yana shakkar su. Akwai na rinji, masu fita gandun ubangiji da hantsi su tashi da azahar, sannan su juya ga 'yar gayaunarsu, kamar yadda Baba ta Karo ta ba da labari a ƙasar Zazzau. Akwai mai murgu, wanda yake sana'arsa yana biyan ubangijinsa wani abu sananne. Akwai cucanawa da aka haifa a gida, waɗanda sayar da su abin kunya ne. Akwai kuyanga da sa-ɗaka. Ana yawan cewa tamu bautar mai sauƙi ce, ba irin ta gonakin raken Amurka ba. Bambanci akwai shi, ban musa ba. Sai dai duk wanda zai faɗi haka, ya fara tunanin yarinya 'yar shekara bakwai da mahara suka sure a bakin rijiya, uwarta na gida tana jiran ruwa. Ko a gidan sarki ta ƙare, ba a tambaye ta ba.

Sai maganar yadda abin ya ƙare, wadda ita ce aka fi karkatarwa. Wani zai ce Bature ya zo ya 'yanta bayi. Wani ya ce ai Bature mulki ya zo nema, maganar bayi fakewa ce. Takardun zamanin sun fi duka biyun faɗi.

A 1897 Kamfanin Neja ya ci Bida da Ilori, ya yi shelar cewa ba ya amincewa da bauta a shari'arsa. A 1901 Gwamna Lugga ya kafa doka: an hana hari da cinikin bayi, kuma duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Amma mallakar bawa ba ta zama laifi ba. Da ya ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya faɗa wa manyan gari cewa ba zai raba su da bayin da ke hannunsu ba. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: yana bukatar sarakuna, yana bukatar haraji, yana tsoron gandaye su zama kufai. Saboda haka aka riƙa hana wanda ya gudu samun gona, ana tura shi kotun alƙali ya fanshi kansa. Maganar ƙwaraƙwarai kuwa sai aka ɗauke ta kamar maganar aure, aka kau da kai. Gwamnatin da ke shelar hana bauta ita ce kuma ta ɗebi talakawa aikin tilas a hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, daga baya kuma ta yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu. Sai a 1936 aka yi dokar da ta soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya. Shekara 35 ke nan bayan dokar farko.

A cikin waɗannan shekaru wa ya yi aikin? Bayin da kansu. Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta cewa wajen mutum dubu ɗari biyu suka gudu a shekarun farko na zuwan Turawa, suka bar gandaye suka nemi garuruwansu ko suka kafa sababbin ƙauyuka. A Satiru, kudu da Sakkwato, gudaddun bayi suna da yawa cikin waɗanda suka yi tawaye a watan Fabrairun 1906. A watan Maris sojan Turawa suka rushe garin, aka kashe mutane wajen dubu biyu, aka hana sake zama a wurin. Waɗansu dubban kuma sun bi doguwar hanya, suna tara wuri da kwabo shekara da shekaru har su cika kuɗin fansa.

Shaidar wannan tana nan a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, cikin rajistar waɗanda aka 'yanta a lardunan Arewa, har da lardin Sakkwato da muke ƙarƙashinsa a lokacin. Shafi ne mai layuka, an ja shi gida-gida da alƙalami: suna, namiji ko mace, shekaru, ƙabila, yadda aka sami 'yanci, abin da aka biya, wanda ya biya. A wani layi mutum ne ya fanshi kansa. A wani ɗan'uwa ne ya biyo sawu daga nesa ya zo da kuɗi. A wani ubangiji ne ya 'yanta don neman lada ko don kaffara. A layuka da yawa kuma mace ce, wani namiji ya biya don ya ɗauke ta, ta fita daga wannan hannu ta shiga wancan. Kowane layi rayuwar mutum guda ce. A ganina, shafi ɗaya na wannan rajista a jikin bango ya fi mari da sarƙa faɗar gaskiya, domin sarƙa tana nuna abin da aka yi wa mutum, rajista kuwa tana nuna abin da shi ya yi don ya kuɓuta.

Na san abin da ke ran waɗansu dattawa, kuma damuwarsu tana da tushe. Za su ce a bar kaza cikin gashinta, wannan tonon asiri ne, zai ɓata zumunta, zai hana 'ya'yan mutane aure. Ina amsawa da girmamawa, Allah ya ba ku haƙuri. Da shirun ya warkar, da ban tsaya a nan ba. Amma har gobe ana zuwa binciken asali kafin ɗaurin aure, a dawo a ce a fasa, ba don yaron ba shi da addini ko sana'a ba, sai don abin da ya sami kakan kakansa. Har gobe idan faɗa ya yi zafi ana jefa wa mutum wannan kalma. Mutanen Aliero, ku ne masu ɗori, daga ƙasashe ake kawo muku karaya. Kun san ƙashin da ya haɗe a karkace ba ya miƙewa don an rufe shi da zane, sai an taɓa wurin, mai shi ya ji zafi, sannan ya taka daidai.

Kuma addininmu yana gefenmu. Alƙur'ani ya sanya 'yanta wuya cikin wuraren da ake kai zakka, ya sanya shi kaffarar rantsuwa da zihari da kisan kuskure. Sayyidina Abubakar ya sayi Bilal ya 'yanta shi, Bilal ya zama ladanin Annabi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa wanda 'yantacce ne. Ya kuma zo a hadisi ingantacce cewa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, Allah da kansa ne abokin shari'arsa ranar alƙiyama. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne cikakke, yana gado, yana sarauta, kuma sarakuna da yawa a daular nan ta wannan hanya suka zo. Jinin ya riga ya gauraya. Gidan da zai bugi ƙirji ya ce babu ruwansa, bai bincika da kyau ba ne.

Ƙasar musulmi ma ta yi abin da nake kira a yi. A birnin Doha na Ƙatar an buɗe Gidan Bin Jalmud a 2015, a cikin gidan wani tsohon mai cinikin bayi, ana ba da labarin waɗanda aka kawo daga gabashin Afirka aka sa su nutso neman lu'ulu'u da aikin dabino, har zuwa soke bauta a ƙasar a 1952. Musulunci bai ragu da komai ba don an faɗi haka. Kuma kada mu ɗauka maganar ta da ce kawai. A 2008 kotun ƙungiyar ECOWAS ta zauna a Yamai ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a yankin Birnin Ƙonni, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya ta sefa miliyan 10. Ƙonni ba nisa gare ta da mu ba. A 2017 duniya ta ga hotunan gwanjon baƙin haure a Libiya, a ƙarshen tsohuwar hanyar nan ta Agadas.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Ɗaki ɗaya ya isa a fara, a Jega. A bangon farko a sa labarin Gimbana. A na biyu a sa taswirar hanyoyin fatake da kasuwar Jega da dukan abin da aka sayar a cikinta, ba a cire komai ba. A sa fartanya da dutsen niƙa da tulu, kayan aikin waɗanda suka ciyar da daula. A sa hoton shafukan rajistar fansa. A kuma ba Dorugu wuri, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar, aka 'yanta shi a Barno, ya ratsa Sakkwato da Gwandu da Birnin Kabi a 1853 tare da wani Bature matafiyi mai suna Barth, ya isa Ingila a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta, ya rasu a Kano a 1912. Bawa ne da ya yi magana da bakinsa, da harshenmu, kuma ya taka ƙasar nan. Bayanin kowane abu a rubuta shi da boko da ajami, don manomi da almajiri su karanta da kansu.

Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba. Ɗakin nan ba wurin nuna gidan kowa da yatsa ba ne. Kada a rubuta sunan wata zuriya mai rai, ko ta waɗanda aka bautar ko ta waɗanda suka mallaka, sai da yardarta. Wanda ya shiga don ya samo abin gori, ya fita bai samu ba.

Iyayenmu sarakuna, ku ne za ku buɗe wannan ƙofa, don in kun yi magana kunya za ta sauka daga kan kowa. Malamanmu, ku ɗauki maganar gorin asali zuwa mumbari. Shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, ɗaki da mai gadi da kuɗin zuwa Kaduna ɗauko hoton takardu ba za su gagare ku ba. Jami'ar da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da matasa masu sanin kwamfuta da za su adana abin da aka tattara, masana tarihi na Sakkwato da Birnin Kabi su tantance shi.

Ku kuma ɗalibai, naku aikin ba ya jiran kowa. Tsofaffin da suka ji wannan labari daga bakin waɗanda suka gani da ido sun kusa ƙarewa. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini, ku kunna wayarku. Ku tambaye su ina rinji yake a da, ina zangon fatake, yaya aka yi fansa, su wa suka tafi, su wa suka zauna. Wanda ya ce a sakaya sunansa, ku sakaya. Ku fara a wannan hutun, kada ku bari sai baɗi.